Tabaryar Batul da Na'urar Tassiou

Tassiou ya fara ganin Batul ne ranar da tabaryarta ta ɓata musu aiki. Ɗan Tawa ne, yana ɗaukar wa wani injiniya na garin Sabha na'urar auna ƙarfin jan ƙasa. Inda dutse mai nauyi ya kwanta a ƙarƙashi sai lamba ta hau, inda yashi ya yi zurfi ta sauka. Na'urar ba ta son girgiza ko kaɗan.

Sun kafa ta a ƙofar wata gonar dabino a ƙauyen Ghuddwa, lamba ta ƙi tsayawa. Tassiou ya leƙa, ya ga budurwa tana daka.

"Ƙanwata, don Allah ajiye tabaryar nan minti biyar."

"Ikon Allah! Akwatin naka ciwon kai gare shi?"

Ƙa'idar aikin ce a dawo inda aka fara awo duk bayan awa biyu. Kwana tara, da ta ji motarsu sai ta jingine tabarya ta tsaya. Sannan aiki ya kai su bayan garin Murzuq, wata uku cur.

"Tauraruwata, ko'ina shiru a nan, lamba tana tsayawa. Ni ne na kasa tsayawa," ya rubuto.

"Ina daka har na gama ba wanda ya hana ni. Tuwon ma ba ya min daɗi. Ka dawo, Mu'ammar mai shago a unguwar Gurda ya turo manya neman aurena," ta mayar masa.

Mahaifinta Malam Saley, mai kula da gonar, bai yarda da ɗan yawo ba. Ga rijiya ta ƙafe, in dabino ya mutu aikinsa ya tafi. Mu'ammar kuwa ya rantse ya san inda za a haƙa.

Da Tassiou ya dawo, tsohon ya tsare shi. "Nuna min ruwa, na ba ka ita."

Batul tana bayan katanga, tana addu'ar ya nuna ko ina ne.

"Baba, na'urar ba ta ganin ruwa. Ta nuna yashi ya fi zurfi gabas da gonar. Wataƙila a samu, wataƙila a rasa. Ba zan rantse ba."

Samarin yau da wuya su iya wannan. Tsohon ya ce:

"Mai shago ya rantse a kan abin da bai gani ba. Kai ka ƙi, alhali kana son ta. Turo magabatanka."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, ba a ko fara haƙa ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai faɗin gaskiya.