Igiyar Ranar Talata

Ku matso kusa. Kai Nura, kashe tocilan nan. Kun daɗe kuna tambayata me ya sa nake naɗe hannun dama da tsumma, me ya sa kuma Yaya Mudi ba shi da kabari. Yau zan faɗa. Sau ɗaya.

Bara waccan ne, bayan girbi, ni da Yaya muka je ganin Kawu Maikano, wanda ke fawa a wani zangon Hausawa can bayan Takoradi, a ƙasar Gana. Ba mu taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani bai wuce kududdufin bayan gari ba.

Ranar Talata ce. Inna Zulai, matar Kawu, ta cika mu da dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi, ta ce, "Ku je ku sha iska, 'yan Arewa. Amma yau masunta ba sa shiga ruwa, ranar hutun teku ce. Ku kalla da ido kawai."

Yaya ya yi dariya. "Haba Inna, mu da ko iyo ba mu iya ba?"

Ba zan ɓoye muku ba, ranar ta yi daɗi. Muka cire takalma. Yashi laushi kamar garin tuwo. Kwale-kwale a jere a tudu, an lulluɓe su da ganyen kwakwa. Wata tsohuwa ta fasa mana kwakwa biyu muka sha. Yaya ya ɗanɗana ruwan teku ya tofar, ya ce, "Wadda ta yi miyar nan hannunta ya yi nauyi a gishiri." Ya yi ta tsintar ƙananan katantanwa, wai zai kai wa 'yarsa Hindatu.

Muna tafe muna hira har muka wuce gidajen ƙarshe. Rana ta take tsaka. Inuwarmu ta shige ƙarƙashin ƙafa.

Sai ga mutane. Sun kai goma sha biyu, a jere, riƙe da igiyar taru, babbar ragar nan ta kamun kifi. Ba waƙa. Ba magana. Ko nishi babu.

Kun san tarbiyyar Baba. Ba a wuce masu aiki hannu a aljihu. Ko noma ne, ko yaɓe, ko haƙar kabari, sai ka kama ko kaɗan ne. Na manta da maganar Inna. Na ce, "Sannunku da aiki."

Na ƙarshen layi ya juyo. Dattijo ne, rigarsa na ɗigar ruwa.

"Yauwa, ɗan Alhassan. Kama mana."

Hausar garinmu ce sak, amma muryar kamar daga cikin randa. Ban tsaya tambayar kaina inda ya san sunan Baba ba. Na kama.

Igiyar sanyi ƙalau. Na ja, na ja. Can na lura ba mu ke jan ta ba, ita ke jan mu. Kowane taku, ruwa muke nufa. Na farkon layi ya shiga har gwiwa, har ƙirji, ruwa ya rufe kansa. Bai ko waiwayo ba. Na biyu ya bi.

Na dubi ƙasa. Yashi jiƙaƙƙe, amma sawun mutum ɗaya ne a kai. Nawa.

Na so in saki. Yatsuna suka ƙi. Na nemi Ayatul Kursiyyu a bakina, ni da na gudu daga makarantar allo, na rasa farkonta.

"Yaya! Hannuna!"

Ya rungumi ƙuguna yana ja baya. Igiyar ta tafi da mu duka. Ya ce wa dattijon, "Baba, don Allah. Baƙi ne mu, ba mu sani ba."

"Ba a barin gurbi," in ji dattijon. "Hannu ya kama, sai hannu ya karɓa."

Ruwa ya taɓa idon sawuna. Yaya ya dube ni, irin kallon da yake yi min muna yara, in na yi ɓarna shi kuma zai sha dukan. Ya juye katantanwar a aljihuna.

"Ka kai wa Hindatu."

"Yaya, a'a."

"Rufa min baki, Sagir. Ni ne babba."

Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Yatsuna suka buɗe, na faɗi zaune. Na kira shi. Bai juyo ba. Sawunsa uku na ƙirga a yashin. Na huɗu bai fito ba, alhali ina ganinsa yana tafiya.

Masunta sun yi kwana uku suna nema. Aka ce ruwa ya ci shi. Aka yi masa sallah ba gawa. Hindatu ta karɓi katantanwar, ta ce yaushe Abba zai kawo sauran.

Nura, kunna yanzu. Ku duba tafin nan. Shatin igiya ne, ya ƙi warkewa. Duk Talata da tsakar rana sai ya tsatso ruwa mai gishiri, yatsun su lanƙwashe da kansu. A lokacin na san Yaya na can yana ja. Na kuma san abin da zai sake shi: sai wani hannu ya karɓa.

Don haka ku ji. In ƙafa ta kai ku bakin teku, kada ku wuce gidajen ƙarshe ku kaɗai. In kun ga masu aiki ba sa waƙa, ku dubi ƙasa kafin ku gaishe su. Kuma duk ranar da kuka ji na ce zan je gaida Kawu Maikano, ku riƙe ni. Ko ina kuka, ko ina zaginku, ku riƙe ni.