Ta Sama Ya Zo

"Wayyo Allah... Wilfrid, me ka yi?"

Ysaline ta saki kwandon wanki, ta dafe ƙirji. Jirgi mai saukar ungulu ya dira a filin bayan masauki, iskarsa ta kwashe zannuwan gadon baƙi ta watsa cikin gonar masara. Sai ga masoyinta ya sauko cikin kwat, rungume da furanni, yana ta washe baki.

Kaico! Bai ma san ya yi ɓarna ba.

Tun kakanni babu titi a Mafate. Kwari ne tsakanin duwatsun da aman wuta ya bari, duk mai son zuwa sai ya taka. Baƙi ma da kuɗinsu suke shan tafiyar awa biyar, su kwana a masaukin mahaifinta, Papa Anatole, su ci shinkafa da miyar kaza. Shi kuwa Wilfrid ɗan bakin teku ne. A garin Saint-Leu yake tashi da masu yawon buɗe ido cikin lemar shawagi a sama, daga kan tudu har rairayi. A can ta san shi, ranar da ta ƙanƙame shi a sararin sama tana ihu yana mata dariya.

Wata shida tana lallashin mahaifinta kafin ya ce, "To, ya zo ran Asabar mu gan shi."

Ga shi ya zo.

Papa Anatole ya fito yana dogara sanda, ya ƙare masa kallo daga sumar kai har takalmin da ko ƙura babu.

"Kai ne mai son 'yata?"

"Ni ne, Papa."

"Ba ni da ɗa mai faɗowa daga sama. Abu biyu wannan jirgin yake ɗauka a nan, buhun shinkafa da wanda ya kusa mutuwa. Shi ya tafi da uwarta, bai dawo min da ita ba. Wanne ne kai a ciki?"

Wilfrid ya matso kusa da shi.

"Wallahi girmamawa na nufa... Nadège ce ta ce kada in zo gaban surukina da gumi. Ita ta samo min kujera."

Nadège! Mai karɓar baƙi a ofishin su Wilfrid, wadda ta shekara biyu tana masa kwalliya yana kau da kai. Kakarta 'yar kwarin nan ce, ta san abin da take yi sarai, munafuka.

"Ran da guguwa ta hana jirgi tashi, 'yata na naƙuda ko ni ina kwance, ta ina za ka zo?" in ji tsohon. Ya juya ya shige.

Matuƙi ya leƙo. "Hazo na rufowa fa, minti biyar!"

Wilfrid ya kama hannunta. "Zo mu tafi, rabin raina. Yanzu."

"Baƙi goma sha huɗu na kan hanya. Gwiwoyin Papa sun mutu, wa zai ɗora musu tukunya?"

"Ni fa? Wa zai kula da ni?"

"Ka dawo da ƙafa, masoyina... Asabar mai zuwa. Don Allah."

"Na yi alkawari."

Ta tsaya har ƙarar jirgin ta ɓace, sannan ta shiga gona tana tsintar zannuwa tana kuka.

Kwana shida ba ta ce wa mahaifinta komai ba sai gaisuwa. Shi ma dai zuciya gare shi. Ran Juma'a ya same ta a murhu, ya daɗe yana gyaran murya.

"Na yi zafi da yawa," ya ce. "In ya tako, na ba shi."

Da safiyar Asabar ya sa aka yanka agwagwa. Ya saka hularsa ta zuwa coci, ya ce zai gangara bakin rafi ya tarye shi, don baƙo yakan ɓata a mararrabar nan. Ta hana, ya ƙi ji.

Baƙi suka fara isowa, wasu Jamusawa biyu, sai wata mata da 'ya'yanta. Duk wanda ya ɓullo daga cikin itatuwa sai gabanta ya faɗi.

Ba shi ba ne.

Wajen la'asar wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Wilfrid.

"Na zo bakin hanyar, Ysa. Na leƙa ƙasa na daɗe. Yau zan iya, amma ba zan iya yi har ƙarshen rayuwata ba. Babanki ya fi ni gaskiya. Ki yafe min."

Ta karanta sau uku. Ta kira, a kashe.

Rana ta kusa faɗuwa tsohon ya ɓullo, yana hawa yana hutawa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Sanda biyu ne a hannunsa, tasa da wata sabuwa da ya sara ya fere a bakin rafi.

"Bai iso ba tukuna?" ya tambaya yana haki. "Ajiye masa wannan, 'yata. Gangaren ƙarshen nan da santsi."

Ta karɓa da hannu biyu, ta kasa faɗa masa.