Awarwaron da Ke Ramewa

Ƙarfe bakwai na safe ta ɗan gota. Ruwan da aka kwana ana zubawa ya koma yayyafi, gari ya yi luf, sama ta haɗe rai kamar tana da sauran magana. A lokacin ne waya ta yi ƙara a caji ofis. An ga gawar mutum a cikin kwalbatin bayan tasha.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki hula. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Kofur ne ya ja motar, shi kuwa bakinsa ba ya hutu.

"Yallaɓai, matar nan mai awarwaro ta sake zuwa jiya. Wai awarwaronta na zinare ramewa yake yi. Na ce baiwar Allah, ai sai ki kai shi asibiti a ƙara masa ruwa."

"Ka rubuta ƙorafinta?"

"In rubuta me? Ba a sace ba, bai ɓata ba. Rama ce kawai."

Sufeto bai yi dariya ba. Tun daga nesa ya hango taron mutane, abin da ya dame shi kuma shi ne shirunsu. Ya saba in an tsinci gawa sai ka rasa mai jin wani. Yau kowa ya naɗe hannu, ido ya raina fata.

Ya tsuguna ya leƙa kwalbatin. Ya san mamacin. Mai Sikeli ake ce masa, shi ke auna ƙasa da gwada dutse a ƙaramin kamfanin haƙar zinaren da ke bayan tsauni. An fasa masa ƙeya. Takalminsa ɗaya ne, ɗayan babu.

"Mota ce ta kaɗe shi," in ji wani daga baya, tun ba a tambaye shi ba.

"Ƙwarai kuwa, mota ce," wasu suka amsa.

Wata dattijuwa ta matso. "Ɗana, ba dai a wajen aiki abin ya faru ba ko?"

Sufeto ya dube ta. Ba ta tambayi wa ya kashe shi ba, ba ta tambayi iyalinsa ba. Nan ya gane abin da ke damun su. Rabin unguwar nan sun sayi hannun jari a kamfanin, daga mai wanki har tsohon hedimasta. An ce ƙarshen makon nan manyan masu kuɗi za su zo daga waje su saya, hannun jarin kowa ya ninka.

Ya ci gaba da dubawa. Lakar kwalbatin baƙa ce, amma tafin takalmin nan ɗaya jar laka ce ta cika shi, irin ta bayan tsauni. A aljihun wando ya sami kwalin ashana. Ya ƙyasta ɗaya, ta kama nan take. Sannan ya juya gawar a hankali. Bayan rigar ya yi fari da garin fulawa.

"Kofur, wa ke da motar burodi a unguwar nan?"

Sun sami Mai Burodi a ƙofar gidan gashinsa, ya buɗe bayan motar yana ta sheƙa mata ruwa da bokiti.

"Sannu da aiki. Wanki cikin ruwan sama?"

"Tsafta ce, ranka ya daɗe. Abinci muke ɗauka."

"Ina ka je yau da asuba?"

"Babu inda na je. Motar ma ta ƙi tashi."

Sufeto ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Da sauran ɗumi. Ya sunkuya ya ƙwaƙulo laka daga gindin taya, ya nuna masa a ɗan yatsa. Ja ce jawur.

Bokitin ya suɓuce daga hannun Mai Burodi.

"Wallahi ba ni na kashe shi ba! Ɗaukowa kawai muka yi."

"Ku da wa?"

"Mu 'yan kwamitin masu hannun jari. Ni, da Hedimasta, da mai kantin magani. Manaja ne ya kira mu. Ya ce Mai Sikeli ya zame ya faɗa ramin haƙar zinaren, shi ya jawo shi waje. Ya ce in labari ya fita cewa an mutu a ramin, hukuma za ta rufe wurin, manyan baƙin nan su fasa zuwa, takardunmu su koma na ƙunshe ƙosai... su koma na hura wuta. Yallaɓai, gidan gashin nan na jinginar na sayi hannun jarin. Wanda ya mutu ya riga ya mutu. Muka ce a bar masu rai su rayu."

"Sai kuka jefa shi kwalbati kamar mushen kare."

Mai Burodi ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A taron da ya wuce ya ɗaga hannu zai yi magana. Ya ce zinaren nan ba ƙasa ce ta haife shi ba. Muka taso masa, muka ce ɗan baƙin ciki ne. Ni ma har na nuna shi da yatsa."

A hanyar tsauni Sufeto ya ce a tsaya gidan yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinki ta biya masa makaranta. Yana shiga idonsa ya faɗa kan kusurwar da keken ke zama. Babu shi, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti. A bango kuma, a saman wurin, ga takardar hannun jari an sa mata firam.

"Yaya, ina keken?"

"Na sayar. Nan da mako guda zan sayi mai lantarki, har biyu." Ta kama hannunsa ta zaunar da shi. "Auta, na ji abin da ya faru. Ka rubuta hatsarin mota ne. Me zai rage ka?"

"Kin tabbata akwai zinare a ramin nan?"

"Da hannuna na wanke shi!"

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar kwalba. Ta ba shi labarin ranar ziyara, yadda ake kwasar masu hannun jari a kai su bakin rami, Manaja da kansa ya ɗebo wa kowa ƙasa a kasko, ka yi ta jujjuyawa a ruwa har ka ga abin yana walƙiya a gindi. Wanda ya gani da idonsa, wa zai ce masa ƙarya ne?

Sufeto ya zuba ɗan garin a tafinsa, ya matsa bakin taga, ya sa madubin ƙara girma. Ya taɓa ganin zinaren rafi, dunƙule yake, ruwa ya goge shi sumul. Wannan kuwa sirara ne, a lanƙwashe, kamar abin da ke zubowa in ana yanka makulli.

"Ara mini kwalbar nan, Yaya."

Ta dube shi, fuskarta ta sauya. "Ka faɗa mini ba komai."

Ya sa kwalbar a aljihu. Ya fita. A mota ya yi ta tunanin rahoton da zai rubuta. Kalma ɗaya ce a takarda. In ya rubuta mota, Yaya za ta yi barci yau. In ya rubuta abin da ya gani, ya san idon da unguwa za ta dube shi da shi har ya mutu.

"Kofur, matar nan mai awarwaro, wane ne mijinta?"

Kofur ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya tsaya. "Manajan kamfanin ne, yallaɓai."

"Sauke ni a bakin rami. Ka je ka ɗauko ta. Ka ce mata an kusa gano ɓarawon."

Wurin haƙar ba shi da girma. Shingen waya, rumfar kwano inda ake gwaji, ɗan ofis, sai ramin da aka kafa wa tsani. Manaja ya fito da fara'a, takalmin roba a ƙafa, hular kwano a ka.

"Sufeto! Allah ya jiƙan abokin aikinmu. Na yi kuskure da na sa aka ɗauke shi, na yarda. Tausayin talakawa ne ya ja ni."

"Nuna mini inda ya faɗa."

Suka tsaya a bakin ramin. Sufeto ya leƙa. Duhu ne, sai ƙarar ɗigar ruwa can ƙasa. Ya lura babu kowa a wurin sai su biyu, kuma Manaja na tsaye daf da bayansa, har yana jin numfashinsa. Ya ja da baya a hankali, ya koma gefe.

"Ruwan ciki ya kai ina?"

"Bayan ruwan jiya? Ya kai ƙirji."

"A ciki ka tsamo shi?"

"Da hannuna."

Sufeto ya ciro kwalin ashana, ya ƙyasta ɗaya, ya riƙe ta a tsakaninsu har ta cinye. "Daga aljihunsa na ciro wannan."

Fara'ar Manaja ta tsaya a fuskarsa kamar an manna ta.

Suka shiga rumfar gwaji. An wanke daɓen tas, amma ruwan wankin ya taru a wani lungu, kalarsa ba ta ruwa ba ce. A ƙarƙashin benci, bayan buhunan dutse, Sufeto ya jawo takalmi ɗaya. A aljihun teburin Manaja kuma, cikin tsumma, ya sami ƙaramin magagari, haƙoransa cike da wani abu rawaya.

Sai ga motar Kofur. Matar ta shigo da saurinta, hannu a miƙe.

"Kun kama ta ko? Na ce mai aikina ce! Duba, yallaɓai. Na gadon mahaifiyata ne. Da sai na sa sabulu yake fita, yanzu da kansa yake zamewa."

Sufeto ya karɓi awarwaron, ya juya cikinsa. Duk ya sha kankara, layi a kan layi. Ya ɗora haƙoran magagarin a kan layukan, suka zauna daram. Ya ajiye kwalbar Yaya kusa da su.

Matar ta dubi teburin, ta dubi mijinta. "Baban yara?"

Manaja ya zauna a kan buhu. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta yaro.

"Akwai zinare a ƙasan nan, na rantse akwai. Lokaci kawai nake nema. Da farko sau ɗaya na ce zan yi, don kada mutane su janye. To kowace ziyara sai sun gani. Jiya ya shigo ya same ni ina kankarewa. Ya ce zai faɗa wa baƙin. Na roƙe shi, na durƙusa masa. Ya juya zai fita, gudumar na kan benci..." Ya rufe fuska. "Ban san na ɗauka ba."

Kofur ya sa masa ankwa. Wannan karon bai yi wasa ba.

Da suka fito, sai suka tarar unguwa ta biyo su. Mutane sun jeru a jikin shingen waya cikin yayyafi. Wasu da duwatsu a hannu, Sufeto bai san ko na wa ba ne, nasa ko na Manaja. Hedimasta ya matso.

"Sufeto, abu ɗaya za ka faɗa mana. Akwai ko babu?"

Sufeto ya dubi taron. Ya hango Yaya a can baya, ta lulluɓe kai da mayafi. Ya ɗaga awarwaron sama yadda kowa zai gani.

"Ga ramin da aka haƙo zinarenku."

Ya jira dutse. Bai zo ba. Sai wata mata ta fasa kuka, wani ya zauna daɓas a cikin laka. Duwatsun suka riƙa faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe hanya, mota ta wuce da Manaja. Mai Burodi da kansa ya bi bayanta a ƙafa, ya san shi ma ana jiransa.

La'asar sakaliya Sufeto ya tashi daga aiki. Ya shiga ɗakin ajiyarsa, ya jawo tsohon keken ɗinkin mahaifiyarsu da ya faɗo a rabonsa, ya goge ƙurar, ya ɗiga masa mai. Ya ɗora a mota ya kai gidan Yaya.

Tana zaune a bakin ƙofa. Ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta dai janye ƙafarta ya wuce. Ya sauke keken a kusurwa, ƙafafunsa suka zauna kusa da tsohon sawun. Ya taka shi sau biyu ya ji yana tafiya, sannan ya zura zare a allura, don ya san idonta ya fara rauni.

Yana fita ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ja mini ƙofar, sauro na shiga."

Ya ja.