Muryar da Ta Jefa Malam Nata'ala a Matattakala

Da hantsi, ana tsakiyar ciniki a wani rukunin shaguna da ke daura da kasuwar Woolwich, can ƙasar Turawa, aka ji ƙarar faɗuwa. Kafin jama'a su farga, Malam Nata'ala, dattijon da ya koyar da shari'a kafin ciwon suga ya tafi da ganinsa, yana kwance a ƙasan matattakala da karyayyen ƙugu, abin sauraro maƙale a kunnensa.

Ba a yi azahar ba Dakta Fakhruddeen ya kira 'yan sanda, ya ce an yi masa sata, kuma satar ce ta jawo haɗarin. Aka turo Saja Habiba Jalo, don yawancin waɗanda abin ya shafa Hausawa ne.

Ta same shi a bakin matattakalar yana gyara zaman kwat ɗinsa. Malamin jami'a ne, aikinsa bincike kan yadda waya za ta riƙa yi wa makafi jagora a cikin gine-gine. Ya manna wasu fararen na'urori kamar kwalin ashana a bango, waya tana jin saƙonsu, sai murya ta gaya wa makaho ya miƙe, ko ya juya, ko ya tsaya. Ranar ce aka ware don gwajin da za a nuna wa baƙi.

"Ga wurin nan," ya ce, yana nuna tabon gam a bango. "Na'urar da ke nan ita ce take cewa mutum ya tsaya. Wani ya cire ta. Ban san ko za ki gane technical side ɗin ba, Saja."

"Gwada ni, Dakta."

Bai gwada ba. Sai ya shiga lissafa mata ƙasashen da aka gayyace shi ya yi jawabi. Habiba ta bar shi ya gama. Ta sha ganin irinsa, mutanen da ko gaisuwa sai sun haɗa da digirinsu.

"Wa kake zargi?"

"Maigadin nan, Hosea. Irinsu komai suka gani yana ƙyalli sai su sa a aljihu. Ko kuma ɗalibata, Teema. Mun samu saɓani, yarinyar ba ta da kunya."

"Kai kana ina lokacin?"

"A kafe, shagon shayin da ke sama, tare da Alhaji Abdul-Karim, babban baƙona, wanda zai nemo wa aikin kuɗi a gida. Ina duba lambobi kawai a tablet. Na'ura ce take aikinta, ba ruwan kowa."

Ta fara da Hosea, mutumin Jos mai furfura a gemu. Ya ce kyamarar da ke kallon matattakalar ta daɗe da lalacewa, ya kai ƙorafi har ya gaji.

"Dakta ya ce kai ka ɗauke na'urar."

"In yi me da ita, madam? In dafa? Tun da aka buɗe ƙofa ina bakin geti, kyamarar can tana aiki, ki duba. Da Baba ya faɗi ni na riƙe masa kai har masu ambulan suka zo."

Ta duba, ta ga gaskiyarsa. Bai matsa daga geti ba sai da aka yi ihu.

Teema kuwa a benci ta same ta, idanu sun kumbura.

"Me ya haɗa ki da Dakta?"

"Aunty, results ɗina ne. Duk gwajin da na yi, wayar takan yi kuskuren wuri da taku da yawa. Sai ta ce mutum yana bakin ƙofa alhali yana tsakiyar falo. Na ce ba a isa a saki makaho da ita ba. Ya ce ya gyara a nasa computer, in daina surutu in ina son in gama karatuna."

"Ba ke ya kamata ki riƙa bin bayan Malam ba?"

"Ni ce. Amma yau ya ce in tsaya can nesa, wai kada in ɓata hoton bidiyon da ake ɗauka daga sama. Yana so a ga makaho yana tafiya shi kaɗai." Ta rufe fuska. "Da na ƙi."

Mai shagon atamfa ta tabbatar cewa Teema na tsaye a ƙofarta tun fara gwajin. Habiba ta cire ta daga lissafi.

A asibiti ta tarar da Malam Nata'ala an ɗura masa magunguna, amma hankalinsa garau.

"Sannu, Baba. Me muryar ta ce maka?"

"Yawwa, 'yata. Da farko ta burge ni. Ta ce in bi dama. Ta ce in kauce, akwai bokitin mai goge ƙasa a gabana. Na kauce, na ji shi da sanda kuwa. Shi ya sa na saki jiki, har na ɗage sandar, don Dakta ya ce in yarda da ita. Sai ta ce in ci gaba da miƙewa. Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba."

"Bokiti, Baba?"

"Bokiti."

Habiba ta fito ta tsaya a baranda. Ta kira Teema a waya.

"Na'urorin nan na bango, suna da ido?"

"A'a. Saƙo kawai suke fitarwa."

"Wayar fa?"

"Tana cikin aljihunsa."

"To ta yaya za su san an ajiye bokiti a hanya?"

Teema ta amsa a hankali. "Ba za su sani ba, Aunty."

Habiba ta nemi masu ambulan. Ɗayarsu ta ɗauki hoton matattakalar don likitoci su ga tsawon inda mutumin ya faɗo. A can saman hoton, sama da kawunan 'yan kallo, ga farar na'urar nan manne a bango.

Saura Alhaji Abdul-Karim. Ya amsa wayarta da fara'a, ba ya ɓoye komai.

"Ai Dakta yaro ne mai ladabi. Muna zaune a bakin gilashi muna hango Malam a ƙasa, shi yana ta danne-danne. Da aka kawo shayi sai ya ajiye abin, ya ce wallahi ba zan zuba da kaina ba. Yana cikin zuba mini madara muka ji ihu."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Washegari da safe ta je ofishin Dakta a unguwar Marylebone da ɗan sanda guda da Teema. Bango cike da hotunan Dakta yana gaisawa da manya. Da ya ga Teema sai ya yi murmushi.

"Kin kama ta ke nan."

"Zauna, Dakta. Ka ce an sace na'urar kafin Malam ya faɗi." Ta ajiye hoton a gabansa. "Ga ta nan a bango, ga shi kwance a ƙasa. Bayan an tafi da shi aka cire ta."

"To wani ne ya…"

"Ban gama ba. Muryar ta gaya masa ya kauce wa bokiti. Na'urorinka ba sa gani. Mai ido ne ya ga bokitin, mutumin da ke zaune a sama yana hangen falon gaba ɗaya, yana danna wa muryar abin da za ta faɗa. Abinka bai taɓa aiki ba, Dakta. Kai ne na'urar. Ka danna masa ya miƙe, sai aka kawo shayi, ka ajiye tablet ɗin a kan tebur, ka bar makaho yana tafiya, ka tashi zuba wa Alhaji madara."

Fuskarsa ta yi gumi. "Wannan zato ne. Kin san ko ni wane ne?"

"Tun jiya kake gaya mini. Teema, na'urar tana da batir?"

"Takan yi shekara ba ta mutu ba."

"Buɗe wayarki."

Teema ta buɗe. Nan take lambar na'urar matattakala ta bayyana, saƙonta da ƙarfi. Ta zaga ɗakin a hankali, lambar tana ƙara haske, har ta tsaya gaban kwat ɗin da ke rataye bayan ƙofa.

"Ka gani," in ji Habiba, "ba ta isa ta kai makaho bakin bene lafiya ba, amma ta isa ta nuna mana aljihu."

Ta sanar da shi cewa an kama shi, ta karanta masa haƙƙinsa. Ɗan sandan ya zura hannu a aljihun kwat ya ciro na'urar, gam da ɓawon fenti har yanzu a bayanta.

Dakta ya zube a kujera. "Ba ku gane ba. Kowa haka yake yi kafin abu ya kammala. Wata shida kawai nake buƙata. Da Alhaji ya kai maganar gida, da makafi dubbai sun amfana."

"Masu yin haka sukan gaya wa mutum gaskiya, su sa wani a bayansa. Kai ka kore ta don hoto ya yi kyau. Da ya faɗi kuma, kana ganin an fita da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, ka lallaɓa ka ɓamɓare abin daga bango, ka nemi maigadi da ɗalibarka ka ɗora musu."

Ya kalli Teema. "Ni na kawo ki inda kike."

Teema ta mayar da wayarta jaka, ba ta ko dube shi ba.

Suna sauka ya riƙa tambaya. Ko za a iya fita da shi ta ƙofar baya. Ko jami'a ta riga ta ji. Ko sunansa zai fito a jarida, in kuwa zai fito, a taimaka kada a sa hoton. Habiba tana gaba tana saurare, tana jiran tambaya guda. Har aka rufe masa ƙofar mota bai tambayi yadda Malam Nata'ala ya kwana ba.