Furen Sukarin Marka

Wane ne ya fi laifi, wanda ya yi gaggawa ya ɓata abu, ko wanda ya yi ta jira har abin ya bar hannunsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban sami amsa ba.

A shekarar 1962 ni kuku ne a gidan wani Bature mai kula da injin gurzar auduga a Funtuwa. Matarsa ce ta koya mini yin furen sukari na ado a kan kek. A daka sukari ya yi laushi, a kwaɓa da farin ƙwai, a murza a fitar da fure, sannan a jera a faranti ya kwana uku yana shan iska. In ka shafa launi bai bushe ba, launin ya zube, furen ya narke.

Marka ce mai kawo mana ƙwai daga Tsiga, 'yar wani manomi Bamaguje. Ran nan ta tarar da ni ina fama da shafa wa fure jan ruwan zoɓo, duk ya ɓata mini hannu.

"Kuku, fure kake yi ko yanka?"

"In kin iya, bisimilla!"

Ta zaro gashin zabo daga kwandon ƙwanta, ta tsoma, ta ja layi siriri kamar zanen ƙwarya. Na kasa ɗauke idona daga yatsunta. Daga ranar, ni ke murzawa, ita ke shafawa.

Da na gaya wa mahaifiyata, Inna Hansai, ina son auren Marka, ko ɗagowa ba ta yi daga kaɗin da take yi ba.

"Bamagujiya? Isyaku, ko ruwan da ta taɓa ba zan sha ba."

"Inna, ta ce za ta musulunta..."

"Na gama magana."

Na bar maganar. Ni kaɗai gare ta, kuma a ɗakina take zaune tun rasuwar Baba.

"Markata, ki ƙara haƙuri," na ce mata. "Zuciyar Inna ɗanya ce tukuna. Kin san abin da bai bushe ba..."

"Ni ba sukari ba ce, Isyaku! Ka sake yi mata magana?"

"Zan yi, hasken idona. Lokaci nake jira."

Damina uku ta jira. Ta musulunta don kanta, ba don ni ba. Duk Laraba da ta sauke kwando sai ta dube ni.

"Ka yi?"

"Tukuna..."

Wata Laraba ta zo ba kwando, ba tambaya.

"An sa rana," ta ce. "Ɗanasabe, malamin gona na Malumfashi. Sau biyar yana zuwa gaban Babana, ana korarsa yana dawowa."

"Marka!"

"Ɗan boko ne, yana son kek a bikin. Na ce masa na san mai yi." Muryarta ta karye. "Ka murza mini furen. Ni zan shafa abina."

Na yi. Watan Agusta ne, iska jiƙe, sukari ba ya son bushewa. Na kai farantin zuwa ɗakinmu kusa da murhu, na ɗora shi a kan kwanon ruwa don kiyashi. Kwana shida ina gadinsa, ina juya kowane fure da tsinke. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, kuma na wani ne.

Rana ta bakwai Marka ta zo. Ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta amsa a ciki. Ta zauna bakin ƙofa da zoɓo da gangamau da gashin zabonta. Ja a gefe, rawaya a tsakiya. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ni kuwa hawayena ya ɗiga kan wani fure, launin ya zube nan take.

"Ka ɓata mini ɗaya," ta ce a hankali. "Riƙe shi, naka ne."

Muka jera sauran a kan kek ɗin. Ta rufe da kwando, ta ɗauka, ta fita ba waiwaye.

Inna ta ajiye mazarinta. Ta daɗe tana kallon ƙofar.

"Yarinyar nan akwai natsuwa," ta ce. "Me ya sa ba ka sake tambayata ba?"

"Inna... ke kika ce kin gama magana!"

"Wace uwa ce ke sakin ɗanta a roƙon farko? Ubanka sau huɗu kakanka yana korarsa. Shekara uku ina zuba ido ka dawo, na ɗauka son ne bai kai zuci ba."

Na rasa wanda zan tsine wa, ita, ko ni, ko haƙurin da aka ce mini shi ne maganin duniya.

Ta miƙo hannu ta ɗauki ɓataccen furen daga tafina. Ta juya shi, ta dubi layukan da Marka ta ja, ta yi bisimilla ta sa a baki.

"Da daɗi," ta ce, hawaye na bin kumatunta.