Abin da Na Rubuta a Gurbin Alaƙa

"Ba zan rubuta ba, Baba."

A soro muke zaune. Tunda nake ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba sai ranar.

"Kalma ɗaya ce fa, Rufaida. Babu. Shekara biyar kina karatun lauya, rubuta babu ya gagare ki?"

Baba, Alhaji Ladan, shi ne shugaban ƙungiyar manoman riɗi a nan Tudun Wada, ni kuma lauyarsu ta kyauta. Mun tura riɗi ga wani kamfani a Turkiyya, suka ce da tsakuwa a ciki. Mu kuma muka ce injin tacewar da suka yi alkawari ne bai zo ba. Maimakon kotu, aka yarda a yi sulhu, wata cibiyar sasanci ta ba da sunan mai shiga tsakani.

Mujitaba.

Mujitaban da ya yi wata bakwai yana taso mota daga Bebeji duk Juma'a, ya zauna a wannan soron ya yi mini hirar komai na duniya ban da aure.

Takardar cibiyar kuwa tana da gurbi: ko akwai alaƙa tsakaninku da mai shiga tsakani?

"Allah ne Ya kawo mana namu," in ji Baba. "Ba a kawo gaisuwa ba, ba a sa rana ba. Wace alaƙa kuma?"

"Baba, akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Singafo, muna ciki, Turkiyya na ciki. In aka yi sulhu aka sa hannu, kotun can za ta tilasta musu cikawa, ba sai an yi sabuwar shari'a ba. Amma in aka gano an ɓoye alaƙa, tana iya watsi da takardar."

"Wa zai gaya musu?"

"Kamaluddeen."

Shi ne dillalin kamfanin a yankinmu, kuma shi ne ya nemi aurena bara na ce ba na so. Ko lambar motar Mujitaba ya haddace.

"Kuma ko ba wanda zai faɗa, Baba, hannuna ba zai rubuta ƙarya ba."

Na shige ɗaki da takardar. Na daɗe ina juya biro. In rubuta aboki? Ƙarya ce. Saurayi? Ai bai furta ba. Zuciyata ta ce, ke Rufaida, gaskiya aka tambaye ki.

Na rubuta: Shi zan aura, in Allah Ya yarda.

Na tura. Kwafi ya tafi Turkiyya, kwafi ya tafi wurin Mujitaba.

Kafin la'asar wayata ta yi ƙara.

"Barista..." Shi ne. "Me nake gani haka?"

"Abin da aka tambaya na amsa, yallaɓai."

"Ni ma tawa takardar na gabana. Kwana biyu na rasa sunan da zan ba abin."

"To na rage maka aiki."

"Kin raba ni da aiki dai. Kin san wannan ne na farko da na samu da ƙasar waje? Yanzu dole in janye."

Na daure na ce:

"In aikin ka fi so, sai in aika gyara."

"Ki taɓa takardar nan ki gani!" Ya fashe da dariya. "Wata bakwai ina haɗa kalmomi, gimbiyata, kin zo kin gama a layi ɗaya. Har Baturke ya riga ni sani."

Baba dai bai yi dariya ba. Ya ce na tozarta shi a ƙasa biyu. Ya daina amsa gaisuwata, ya daina cin abincin da na dafa. Da iyayen Mujitaba suka zo neman izini, ya ce ba zancen aure sai ranar da ya ga inji da idonsa.

Kamaluddeen kuwa ya bi majalisa majalisa yana cewa ’yar Alhaji ta nemi miji a takardar Turawa. Na ci gaba da wucewa ta gabansu da jakata, kai a sama. Kukan a ɗaki nake yinsa.

Goggo Tasalla, yayar Baba, ita kaɗai ke tsokanata.

"Mu a zamaninmu ko sunan miji ba a faɗa, ke kin buga wa naki hatimi."

"Goggo, ai don kada a yi musu."

Aka naɗo wata dattijuwa ta shiga tsakani. Wata huɗu ana zama ta waya mai hoto, Baba na gefe yana hura hanci. Daga ƙarshe aka sa hannu: su aiko inji, mu tace riɗi mu sake turawa.

Sai mutanen kamfanin suka noƙe. Muka kai takardar kotun can. Lauyansu ya bi ta layi layi yana neman ƙofa, bai samu ba. Kotu ta tilasta musu cikawa.

Ranar da babbar mota ta sauke injin, Baba ya zagaya shi sau uku, ya shafa, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Yau me kika dafa?"

"Dambu, Baba."

"A zubo. Kuma ki gaya wa wancan mai jan ƙafar ya turo magabatansa."

An ɗaura aurenmu bayan Babbar Salla. Ina cikin farin ciki, amma ba zan ce muku a sauƙaƙe na samu ba. Mujitaba ya rasa aikin da ya daɗe yana mafarki, har yau irinsa bai sake zuwa ba. Kaka guda manomanmu suka yi riɗinsu na jibge a rumbu, wasunsu har yanzu ba sa gaishe ni. Ni kuma na yi wata goma sha huɗu ina durƙusa wa mahaifina kowace safiya bai amsa ba.