Uwar Sauro

Ranar da Injiniya ya fara ganinta, faɗa ya sha. An kira shi ya gyara na'urar ɗumama ɗaki a wata cibiyar bincike, yana kan tsani sai ga sauro ɗaya ya sauka a wuyansa. Ya kai hannu, tas!

"Wayyo Allah! Malam, me ka yi?"

Ya waiga. Wata budurwa ce cikin farar rigar aiki, da siririn bututu a hannu, tana kallon tafinsa kamar ya fasa mata waya.

"Sauro na kashe," ya ce.

"Kwana goma sha biyu ina renonta! Yanzu ta kuɓuce daga keji nake bin ta."

Sai a lokacin ya lura da ɗakin. Kejina ne na raga jere har sama, kowanne cike da sauro. Bai gama mamaki ba ta naɗe hannun riga, ta ɗora damtsenta a kan wani keji, suka yi caa a kai. Ta ce a nan aka ƙyanƙyashe su, ba su ɗauke da cuta, kuma sai sun sha jini suke yin ƙwai.

Gyaran minti ashirin ne, amma bawan Allah sai da ya kai shi awa biyu. Kafin sati ya zagayo ya dawo sau uku duba na'urar da lafiyarta ƙalau.

Ya sa mata suna Uwar Sauro, ita kuma take ce masa Makashi. Da safe zai rubuto:

"Uwar Sauro, ya 'ya'yanki? Ki gaya musu ina kishi da su, kullum suna tare da ke."

Ta mayar masa: "Sun ce ba su yafe jinin 'yar'uwarsu ba. Ni dai na yafe, Makashina."

Murna kamar ta kashe shi. Abu ɗaya ne ke cin ransa: ya gaya wa Mama cewa yarinyar aikin lafiya take yi, ya tsaya nan. Ya san dalili. Shekara tara ke nan da zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke ƙaninsa, autan Mama, cikin kwana uku. Tun daga ranar ko kukan sauro ta ji sai ta tashi da tsintsiya. Jikarta da ke hannunta kuwa, ko barcin rana ba ta yi sai cikin gidan sauro.

Ranar da ya kawo budurwar ta gaida Mama, komai na tafiya daidai. Mama har ta fara kiranta "'yata". Sai yarinyar ta miƙa hannu za ta karɓi kofi, riga ta zame, ga jajayen tabbai jere a damtse.

"Subhanallahi! Ba ku da gidan sauro ne a gidanku?"

"Akwai, Mama. Sauron wurin aiki ne nake ciyarwa."

Bayan yarinyar ta tafi Mama ta ce, "Wadda take ciyar da abin da ya kashe min ɗa ba za ta shigo gidan nan ba. Ga 'yar ƙawata nan, malamar makaranta, tun bara nake maka zancenta."

Bai kai ga fita ba saƙon Uwar Sauro ya shigo:

"Ashe kunyar aikina kake ji. Da ka gaya min tun farko."

Ya kira ya kira, ba ta ɗauka ba. Kwana biyar ya yi ba shi da sukuni, har wayoyin wani gida ya haɗa a juye. A na shida ya durƙusa gaban Mama.

"Ban ce ki amince ba. Ki zo ki gani da idonki kawai. In kin fito kin ce a'a, wallahi na haƙura."

Mama ta yafa mayafi. Ita a ranta za ta je ne ta gaya wa yarinyar ta fita harkar ɗanta.

Uwar Sauro ta tarbe su ba tare da ta ko kalle shi ba. Ta shimfiɗa ƙyalle biyu na gidan sauro, ta kifa wa kowanne ɗan mazurari, ta zuba sauro biyar-biyar a ciki.

"Wannan tsohon samfuri ne, Mama. Wannan kuma sabo."

Bayan ɗan lokaci ta kwashe su zuwa kofuna biyu. Na tsohon suna ta shawagi abinsu. Na sabon kuwa suka fara tangaɗi. Mama ta matso, ta gyara tabarau.

"Ɗaya ya faɗi! Kai, ga na biyu! Faɗi, ɗan banza, faɗi!"

Da na biyar ya kife, har tafi Mama ta yi kafin ta tuna fushi take yi.

"Sauro ya saba da tsohon maganin da ake sa wa raga," in ji yarinyar. "In ba mu rene su mun gwada ba, ba mai sanin ragar ta daina aiki sai yara sun fara kwanciya. Irin wannan sabon aka raba bana."

Mama ta shafa ƙyallen. Ta gane shi sarai, irinsa ta ɗaura wa jikarta da hannunta. Ta kamo damtsen yarinyar tana duba tabban ɗaya bayan ɗaya, idonta ya cika.

"Da an yi irinki shekara tara da suka wuce…" Ta share fuska, ta juya kan ɗanta. "Kai kuma, wannan ce kake ɓoye min? Naɗe rigarka! Amarya ba za ta shiga biki da hannu duk cizo ba."

Injiniya ya matsa kusa da keji, ya ji kukansu, ya ɗan ja baya. Uwar Sauro ta rufe baki tana dariya, karo na farko cikin kwana shida.

"Matsa can, matsoraci," in ji Mama. Ta naɗe nata hannun ta ɗora, ta runtse ido. "Ku sha, ku ƙoshi. Surukata na nan tana jiranku da sabuwar raga."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Ango ne ya karɓi aikin ciyarwar har ranar biki, ya zo wurin bikin yana susa a ɓoye. Mama ta haɗa hannayensu biyu cikin nata.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya, Ya raya muku su har su girma."

Amarya ta ce amin.